Ƙarar da Ba Ta Zuwa Gareji

Alhaji Jinaidu mahauci ne a Ƙofar Atiku, kuma yana da wata tsohuwar Fijo a-kori-kura wadda ta girmi 'ya'yansa duka. Asalinta fara ce, amma rana da shekaru da jinin nama sun mayar da ita kalar ƙashin da aka tafasa aka ajiye. Kullum bayan sallar asuba yakan tashe ta ya tafi kwata, a loda masa nama, ya kai wa masu sayar da abinci a Kalambaina, ya zarce Wamakko, ya dawo gida wajen azahar. Shekara ashirin da uku yana bin wannan hanya, kuma a duk shekarun nan hannu ɗaya ne yake taɓa injin motar: hannun Luka, wani bakanike mutumin Filato, mai rumfa a bakin titin Kalambaina, jikin tukubar wani mai balangu.

Ƙarar ta fara ne a makon da sanyi ya sauka sosai, lokacin da ruwan randa yake kama haƙori. Ran nan Jinaidu ya murɗa makulli, injin ya kama, sai ya ji wani abu can ƙasan motar yana bugawa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar mace tana daka a turmin da ba komai a cikinsa. Ya zauna riƙe da sitiyari yana saurare. Bugun ya ɗauki kamar lokacin da mutum zai yi alwala a nutse, ya fara laushi, ya koma kamar ana taɓa ƙofa da yatsa, sannan ya ɓace. Injin ya ci gaba da gurnaninsa na kullum kamar ba abin da ya faru. Washegari haka. Kwana na uku ma haka, sai dai ya ɗan ƙara daɗewa.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ƙarar ba ta zuwa gareji. Sau uku yana tsayawa wurin Luka a hanyarsa ta dawowa daga Wamakko, sau uku injin yana yin ladabi a gaban mutane. Luka ya ɗaga bonet ya kara kunne, ya zaro geji ya duba baƙin mai, ya ga yana nan daidai layi, ya goge ya mayar. Ya yi ta tambayoyi kamar likita: daga sama ƙarar take fitowa ko daga ƙasa, siririya ce ko mai kauri, tana ƙaruwa in an taka totur, jar fitilar mai tana daɗewa a kunne? Jinaidu ya ce shi bai san sama da ƙasa ba, fitilar kuwa ta mutu tun shekarar babbar ambaliya, kuma Luka ya fi kowa sanin haka. A zuwa na uku Luka ya rufe bonet, ya goge hannu da tsumma.

"Alhaji, ƙara na safe ne, kai kuma kana kawo mini mota da rana ya riga ya yi zafi. Ka bar shi ya kwana nan. Da safe ni zan tashe shi da hannuna."

Jinaidu ya ce zai yi shawara, ya ja motarsa ya tafi. Amma kalmar kwana ta bi shi har gida. Ya tuna cewa wata guda kafin sanyi motar ta kwana biyu a rumfar Luka, lokacin da aka sauke kan injin aka canja gasket. Kafin wannan kwanan ba ta taɓa yin ƙwal ba, ko sau ɗaya.

Da a cikinsa ya bar abin, da wataƙila ya narke. Sai ya faɗa wa Mamman. Mamman dillalin shanu ne a kara, abokinsa tun suna yara, mutumin da bai taɓa mallakar ko keke ba amma ba labarin bakaniken da bai sani ba. Ya san wanda ya cire sabon batir ya sa tsoho a Illela, ya san wanda ya sayar da kan inji yana kan motar mai shi. Ya saurari Jinaidu har ƙarshe yana tauna goro, sannan ya tofar.

"Alhaji, mota ba ta ƙarya. Yaushe tak kwana waje?"

Jinaidu ya faɗa masa.

"To mi kaka jira? Kayan Fijo na asali yanzu ko da fitila ba ka samun su. An hidda naka, an aza maka jabu. Yanzu kuma shina son ta sake kwana don shi kwashe sauran."

Tun daga ranar Jinaidu ya fara ganin abubuwa. Ya tuna Luka ya yi sabon fenti a rumfarsa. Ya tuna ranar da ya je karɓar motar, Luka ya yi saurin rufe wani akwatin ƙarfe da ƙafa. Ya tuna ma wata dariya da Luka ya yi shekara biyar da suka wuce, wadda a lokacin bai gane dalilinta ba. Wata rana da yamma ya ɗauko ƙaramar wuƙarsa ta fiɗa, ya ɗaga bonet, ya bi kowane noti da hannunsa zai iya kaiwa ya yi masa 'yar tsaga, irin shaidar da ake yi wa kunnen saniya, don in an sake taɓawa ya sani.

Sai kuma maganar kyanwoyi, wadda ita ce ta fi komai ban mamaki. Motar tana kwana ne a ƙofar gida, gefen wata gajeriyar katanga. Kamar kowace tsohuwar mota, tana ɗigar da baƙin mai, har ƙasar wurin ta yi baƙin tabo kamar faifai. Shekaru tabon yana nan, ko ƙuda bai kula shi ba. A wannan sanyin sai kyanwoyin unguwa suka gano shi. Da farko wata ja ce mai guntun kunne, sannan suka zama uku, sannan biyar. Jinaidu zai fito da buta ya tarar da su kwance a ƙarƙashin motar, suna lasar ƙasar a nutse, idanunsu a lumshe kamar masu shan fura. In ya kore su sai su koma kan katanga su jira. Tururuwa ma ta ja layi daga gindin katangar, ta hau taya, ta shige cikin injin. Jinaidu ya daɗe a tsugune yana kallon layin tururuwar, yana neman inda ya nufa, har gwiwoyinsa suka yi tsami.

Da ya ba Mamman labarin kyanwoyin, Mamman ya daina tauna goronsa.

"Mussa ba ta lasar baƙin mai, Alhaji. Wagga mota an sa mata hannu. Ba sata kaɗai ta ba."

A cikin gida ma ba a zauna lafiya ba. Nana Hauwa, matar Jinaidu, sana'arta narka kitsen da yake kawowa daga kwata ta yi kakide. Mai kyau, fari, takan sayar wa masu suya da masu tuwo. Na ƙarshen tukunya, wanda ya ƙone ya yi duhu, ba a ci, sai ta ɗura shi a tsofaffin galan-galan na baƙin mai da maigida ya gama da su, ta ajiye wa Bara'atu mai sabulu. Tun ƙarshen damina, da aka rushe rumfar girkinta za a sake ginawa, take jera galan-galan ɗin a kan gajeriyar katangar ƙofar gida, inda rana take dukansu, don kada su daskare kafin Bara'atu ta zo. Yanzu sai ta fara ƙorafin cewa ɗaya daga ciki yana raguwa. Ta zargi Bara'atu, ta zargi maƙwabta, ta zargi kyanwoyin, ko da yake ta yarda kyanwa ba ta buɗe murfi. Jinaidu ya ce ta ƙyale shi da maganar kitse, shi ana cinye masa mota yana raye.

Ranar wata Talata, bayan an gama fiɗa, mahauta suna zaune a kan benci a bakin kwata suna shan shayi, sai wani ya tambayi Jinaidu lafiyar a-kori-kura. Jinaidu ya ajiye kofi. Ya ce akwai wanda ya buɗe masa inji ya kwashe na asali ya zuba masa tarkace, wanda ya ɗauka ɗan'uwa, wanda duk Kirsimeti yake aika wa cinyar saniya har gida. Bai kama suna ba. Ba ya bukata. Duk wanda ke kan bencin ya san hannu ɗaya ne yake taɓa motar.

Magana irin wannan ba ta kwana a kwata. Kafin Juma'a mahauta biyu sun janye motocinsu daga rumfar Luka, ɗaya ma injinta a buɗe, da igiya aka ja ta. Wani direban tirelar shanu da ya saba tsayawa ya wuce ko hon bai yi ba. Mamman ya ce abin da ya rage shi ne a kai ƙara wurin shugaban ƙungiyar kanikawa, kuma kowa ya san hukuncin bakaniken da aka kama da satar kayan mota: a ɗaga rumfarsa, kuma ba wanda zai sake ba shi wuri a garin. Luka baƙo ne, filin rumfar ma aro ne, ba shi da dangi a Sakkwato sai matarsa Monica mai koyarwa a wata firamare. Jinaidu ya ce ranar Litinin zai je. Ya faɗa da ƙarfi, amma da ya koma gida bai iya cin tuwo ba.

Ranar Asabar, yana dawowa daga Wamakko, ya yi niyyar wuce rumfar ba tare da ya waiga ba. Sai ya ga Luka tsaye a tsakiyar hanya ya ɗaga hannu. Dole ya taka birki. Luka bai gaishe shi da fara'ar da ya saba ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya dafa ƙofar motar kawai.

"Na ji abin da ake faɗa, Alhaji. Tun da mota ba zai kwana wurina ba, ni zan zo inda yake kwana. Gobe bayan kun fito masallaci. Kada ka taɓa makulli sai na zo. Ka kira duk wanda kake so ya tsaya."

Jinaidu ya kira Mamman.

Washegari Lahadi, gari ya fara wayewa, sanyi yana shiga har cikin ƙashi. Jinaidu da Mamman suna tsaye a ƙofar gida cikin manyan riguna, sun naɗe kunnuwa da rawani, sai ga Luka a kan babur. Yana sanye da farar riga mai guga ta zuwa coci, ya ɗora tsohuwar rigar aiki a kai, a hannunsa ba komai sai dogon sukundireba da tocila. Jinaidu ya lura da haka, ya ce a ransa: ya zo hannu wofi don a ce ba shi da niyyar komai. Kyanwoyi huɗu suka fito daga ƙarƙashin motar suka hau katanga. Luka ya bi su da kallo.

Ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya ɗaga, ya taɓa injin, ya tabbata sanyi ƙalau. Ya haska tocila, hasken ya sauka a kan notunan da aka yi wa tsaga, ya ɗan tsaya a kansu, ya wuce. Zai kai hannu ga geji, Jinaidu ya ce a'a, ya fara ji da kunnensa tukuna, don kada a ce ƙarya yake yi. Luka ya janye hannu. Ya kafa bakin sukundireban a saman injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya ɗaga kai.

Jinaidu ya murɗa makulli. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. A wannan safiyar har ƙarfen bayan motar yana amsawa. Jinaidu ya ji wani irin daɗi mai ɗaci, don yau dai ƙarar ba ta ba shi kunya ba. Ta gilashi yana ganin Luka yana matsar da sukundireban, daga sama zuwa gefe, daga gefe zuwa can ƙasa, inda ya daɗe bai motsa ba. Sai ya ɗago da sauri ya yi alama da hannu a kashe.

Ya yi bayani a hankali, yana duban injin, ba ya duban kowa. Ya ce in ƙarar sama ce, siririya take, tas-tas kamar agogo, wannan ba ta kashe mota. In fistin ne ya yi sako-sako, ƙarar kamar ta gwangwani take, tana tafiya in ƙarfe ya ɗumama. Wannan kuwa daga ƙasa take, mai nauyi, ƙarfe ne yake dukan ƙarfe a bushe. Ma'ana, duk safiya injin yana aiki na ɗan lokaci ba mai a jikinsa. Mai yana nan a ƙasa, amma ba ya hawa sai can. Abin da za a nema shi ne abin da yake hana shi hawa.

"Ai kai za mu tambaya," in ji Mamman.

Luka ya zaro geji. Ya kai shi gaban tocila, ya tsaya. A maimakon baƙin mai mai sheƙi da yake gani da rana, wani abu ne ya manne a jikin ƙarfen, ruwan toka, mai gudaji-gudaji, ba ya ɗiga. Ya buɗe murfin da ake zuba mai ya juya shi. Cikinsa ya yi dam da abu iri ɗaya, fari-fari kamar kindirmon da ya lalace.

Mamman ya matso har rawaninsa yana taɓa bonet. Ya ce wannan ko shi ya san shi: ruwa ne ya haɗu da mai, kuma ba abin da ke haɗa ruwa da mai sai gasket, kuma kowa ya san wanda ya sa gasket. Jinaidu ya dubi fuskar Luka. A karon farko ya ga tsoro a cikinta. Mutumin ya tsaya riƙe da murfin kamar an miƙa masa takardar sammaci.

"Zai iya zama haka," in ji Luka. "In ruwa ne, laifina ne. Ku kai ni wurin shugaba, ba sai Litinin ba."

Jinaidu ya so ya ji daɗin wannan magana, amma bai ji ba.

Luka ya buɗe lagireto, inda ruwan injin yake, ya haska. Ruwa cike, garau, ba maiƙo a samansa. Ya yamutsa fuska. Ya lakato abin da ke cikin murfin ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ci gaba da murzawa, sai abin ya fara laushi yana sulɓi. Jar kyanwar nan mai guntun kunne ta sauko daga katanga, ta zo tana goga jiki a ƙafar wandonsa na coci, tana kallon yatsunsa. Luka ya dube ta, ya dubi yatsun. Sannan ya roƙi Alhaji a samo masa garwashi kaɗan da murfin gwangwani.

Mamman ya raɗa wa Jinaidu cewa ga shi nan, za a fara surkulle. Jinaidu ya shiga gida duk da haka, ya ɗebo garwashi a kasko daga murhun Nana Hauwa, wadda ta riga ta tashi tana dama kunu. Luka ya ɗora murfin gwangwanin a kan wutar, ya bari ya yi zafi. Ya ce wannan tsohon gwaji ne: man da ke da ruwa in ya taɓa ƙarfe mai zafi sai ya yi tartsatsi yana ƙara, kamar an jefa ɗanyen nama a mai. Su saurara da kyau. Ya lakato abin da bakin sukundireba ya ɗora.

Su uku suka sunkuya a kan kaskon. Abin ya narke shiru. Ko cas bai yi ba. Ya bazu a kan murfin, ya yi sheƙi, wani siririn hayaƙi ya tashi.

Mamman ne ya fara ɗago kai, yana buɗa hanci. Luka ma ya ja numfashi. Kyanwoyin da ke kan katanga suka sauko gaba ɗaya. Sai muryar Nana Hauwa ta fito daga bayan ƙyauren zaure:

"Alhaji, wa ka ƙona mani kakide da sassahen ga?"

Jinaidu ya dubi wannan, ya dubi wancan. Shi bai ji komai ba. Shekara arba'in yana cikin kitse, a hannunsa, a rigarsa, a gemunsa, hancinsa ya daɗe da daina kawo masa labarinsa. Ya sake sunkuyawa ya shaƙa, ya ji hayaƙi kawai.

Luka ya tambaye shi, da murya ƙasa-ƙasa, da wane mai yake ƙarawa. Jinaidu ya ce da mai mai kyau, na galan, wanda Luka da kansa ya ce ya riƙa saya. Kowane kwana uku, in ya dawo da azahar, yakan duba geji ya cika, bai taɓa sakaci ba. Ya taka zuwa katanga, inda galan-galan masu ruwan ɗorawa guda biyar suke jere, duk kamarsu ɗaya. Ya ɗauko na bakin layi, wanda hannunsa ya saba ɗauka, ya buɗe murfi, ya karkata shi a gabansu don su ga irin man.

Ba abin da ya zubo. Ya ƙara karkatawa. Ya kifa shi gaba ɗaya, ya girgiza. Abin da ke ciki ya daskare ya kama jikin galan, ko motsi bai yi ba.

Luka ya je katangar ya ɗaga sauran ɗaya bayan ɗaya. Na can ƙarshe, wanda aka tura lungu tun ranar da Nana Hauwa ta fara jera nata, shi kaɗai ne ya yi motsin ruwa. Baƙin man Jinaidu ne, kusan cike, ba a taɓa shi ba tun ƙarshen damina.

Da azahar, in rana ta dafa katangar, kakiden ƙarshen tukunya ruwa yake zama, mai duhu, mai kauri, ba shi da maraba da baƙin mai a ido. Haka yake zama a cikin inji mai zafi, shi ya sa bai taɓa nuna kansa a gareji ba, inda ƙamshin balangun maƙwabci da na motar nama suka rufe komai. Muddin ana zafi, motar ta haƙura ta sha. Da sanyi ya zo, sai ya riƙa kwana a daskare a ƙasan injin, ya toshe rariyar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta, sai ƙarfe ya yi ta dukan ƙarfe har zafi ya narkar da shi.

Nana Hauwa ta ce daga bayan ƙyaure, ita dai a nema mata gafarar Bara'atu, ta koma wurin kununta.

Mamman ya gyara rawani. Ya ce shi dama tun farko ya faɗa, kyanwa ba ta lasar baƙin mai. Sannan ya ja Jinaidu gefe, amma ba nesa sosai ba. Ya ce wannan magana ta tsaya nan. In mahauta suka ji Alhaji guda ya yi wata biyu yana shayar da mota kitse, har jikokinsa sai an tsokana. A ce filta ce ta lalace, an canja, shi ke nan. Ƙarar da za a kai Litinin a fasa, kowa ya huta.

Jinaidu ya ji maganar ta kwanta masa. Ya juyo wurin Luka ya tambaya ko motar za ta gyaru. Luka yana goge sukundirebansa da tsumma. Ya ce za a sauke kaskon ƙasa, a wanke rariya, a wanke hanyoyin mai, a sa sabon mai da filta. Ko ƙarafan ƙasa sun ci, ba zai sani ba sai ya buɗe. Ba za a sake tashin ta ba, jan ta za a yi. Kuma dole ta kwana a rumfa, wataƙila kwana biyu. Ya cire rigar aiki ya naɗe, ya duba farar rigarsa, ya ga maiƙo ya taɓa hannunta.

"Mota zai gyaru, Alhaji. Maganar da ka yi a kwata ne ba ni da sifana nashi."

Ya hau babur ya ce Monica tana jiransa, sun makara.

Jinaidu ya tsaya riƙe da galan har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Ya tuna motar da aka ja da igiya injinta a buɗe. In aka ce filta ce, mutanen benci za su gyaɗa kai, kowa ya ce a ransa an dai sasanta, kuma ba wanda zai mayar da motarsa. Ya dubi galan ɗin. Ya dubi kyanwoyin, waɗanda suka koma ƙarƙashin motar abinsu, su da suka san gaskiya tun makon farko ba wanda ya tambaye su.

Ya tare ɗan kabu-kabu, ya hau babur da galan a cinya. Mamman yana kiransa, bai waiga ba.

Ya tarar da bencin kwata cike, ana jiran a ji dalilin da Alhaji bai zo ɗaukar nama ba. Bai zauna ba. Ya ce ranar Talata a nan ya yi magana a kan Luka, yau ma a nan zai yi. Ya buɗe galan ya kifa shi a gabansu, ya riƙe shi haka a sama, ya faɗi komai, har da garwashi da murfin gwangwani da kyanwoyi. Ya ce ɓarawon da ya shiga injinsa shi ne da kansa, kowane kwana uku, da azahar. Wani ya karɓi galan ya shinshina, ya ce shi ma bai ji komai ba, ya miƙa wa mai shayi. Mai shayi ya kai hanci, ya kawar da kai. Daga nan dariya ta ɓarke, har wani tsoho ya zame daga kan benci. Kafin rana ta take, daga kwata har kara ba wanda yake ce masa Alhaji Jinaidu. Alhaji Kakide ake cewa, kuma sunan bai sake shi ba.

Bai bar wurin ba sai da ya sa mahautan nan biyu suka yi alkawari a gabansa za su mayar da motocinsu.

Ranar Laraba ya je karɓar a-kori-kura. Ya isa tun da sassafe, don Luka ya ce ya zo ya tashe ta da hannunsa tana sanyi. Motar da aka ja da igiya tana nan ta dawo, an jingine ta gefen tukuba. Jinaidu ya murɗa makulli. Injin ya kama, ya yi ƙwal ɗaya, 'yar ƙarama, ya daidaita. Luka ya ce wannan ɗayar za ta zauna, tabon abin da ya faru ne, amma ba za ta hana ta zuwa Wamakko ba. A gaban sitiyari jar fitilar mai ta kama ta mutu yadda ya kamata, Luka ya gyara ta, wadda Jinaidu ya manta ma akwai ta.

Luka ya shiga rumfa ɗauko wani abu. Jinaidu ya waiga hagu da dama, ya fito a hankali, ya ɗaga bonet, ya sunkuya yana neman tsagar wuƙarsa a jikin notuna. Gari bai gama haske ba, idonsa kuma ba kamar da ba. Yana cikin lalube da yatsa sai haske ya sauka a kan injin ta bayan kafaɗarsa.

"Fara daga nan, Alhaji," in ji Luka, yana riƙe masa tocila. "Akwai guda biyu a ƙasa da ka manta ba ka yi wa shaida ba. Na yi musu da kaina."